Karanta Bayanan Manhaja Daga Cikin Kernel na Linux

Farkon direban da na rubuta (shirin sarrafa na'ura da ke aiki cikin kernel, wato zuciyar Linux), adireshin ƙwaƙwalwa da manhaja ta miƙo na ɗauka na karanta kai tsaye. Nan take kernel ya kashe aikin, SMAP, kariyar da ke hana kernel taɓa ƙwaƙwalwar manhaja kai tsaye, ya kama ni.

Duk adireshin da ya shigo daga wajen kernel, kada ka amince masa. Tantance tsawon bayanan tukuna, sannan ka kwafo da copy_from_user, hanyar da kernel ya tanada don haka. Lambar da take dawowa da ita adadin bayit ɗin da suka gagara ne; in ba sifili ba ce, mayar da -EFAULT, lambar kuskuren da ke nuna adireshin ba shi da kyau. Kada ka kira ta kana riƙe da spinlock (makullin da ba a barci ana riƙe da shi), domin tana iya barci, wato ta dakata tana jira.

Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne karanta ƙima ɗaya daga manhaja sau biyu, domin wani zare (wani layin aiki na manhajar) na iya sauya ƙimar a tsakani. Kwafo sau ɗaya, ka binciki kwafin, da shi za ka yi aiki.