Yadda ƙungiyar sa kai za ta gina filin wasan yara a lambun unguwa

Yawancin raunin da yara ke ji a filin wasa daga faɗuwa ne, saboda haka abin da ke ƙarƙashin lilo ya fi lilon kansa muhimmanci. Ƙungiyoyi da dama sukan ƙarar da kuɗinsu wurin mai walda, su kafa kaya masu kyau a kan tsandauriyar ƙasa. A fara ware kuɗin yashi kafin a sayi ko da sarƙa ɗaya.

Da farko a samu izini a rubuce. Amincewar mai unguwa da dattawa ta zama dole, amma ba ta isa ba: filin na hukuma ne, sai a nemi takarda daga ƙaramar hukuma ko hukumar tsara birane, irin su KNUPDA a Kano. A rubuta har da wanda zai riƙa gyara bayan an gama.

Wurin da za a zaɓa a je a duba shi bayan an yi ruwan sama. Inda ruwa ya kwanta, a bar shi. A nisanci titi da rijiya da ƙarƙashin wayar wuta. A nemi inuwa, ko ta darbejiya ce, domin a watan Afrilu faifan ƙarfen sululu yana iya ƙona cinyar yaro cikin daƙiƙu.

Sai awo, kuma nan ne ake yawan kuskure. Kowane abin hawa yana buƙatar fili mara komai na mita 1.8 ta kowane ɓangare. Lilo ya fi haka ci: gabansa da bayansa a bar ninki biyu na tsayin sandar sama. Idan sandar tana mita 2.2 daga ƙasa, a bar mita 4.4 gaba, 4.4 baya. Lilo mai kujera biyu ke nan zai ci fili kusan mita 9 a tsawo, 7 a faɗi. Kada a rataya kujera uku a tsakanin ƙafafu biyu, domin yaron tsakiya ba shi da hanyar fita sai ta gaban 'yan uwansa. Tsakanin kujera da kujera a bar santimita 60, tsakanin kujera da ƙafar lilo 75.

A haƙe wannan fili duka zurfin santimita 30. Wannan aikin gayya ne, matasa da diga da shebur sun isa. A cikin wannan ramin ne za a sake haƙa ramukan ƙafafu, kowanne santimita 40 a faɗi, 60 a zurfi, don kankaren ya ɓuya can ƙasan yashi. Kankaren da ya leƙo waje shi ke fasa kai. Kwaɓin shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma buhu uku ya wadatar da ƙafafu huɗu. A sa bututun ƙarfe mai kauri, inci uku, wanda ba ya saurin tsatsa. Katako gara za ta cinye shi daga ƙasa ba a sani ba. Birkila ya daidaita ƙafafun da ma'aunin ruwa, a tokare su, a riƙa jiƙa kankaren safe da yamma har kwana bakwai. A waɗannan kwanakin kada a rataya sarƙa ko kaɗan, domin da zarar yara sun ga sarƙa sai sun hau, ƙafar ta girgiza a cikin ɗanyen kankare, ta saki har abada.

Yashin ya zama na kogi, tatacce, mara taɓo. Mai taɓo yana daskarewa bayan damina ya koma kamar daɓe. Filin lilon nan zai sha kusan kubik mita 19, kuma girman tifa ya bambanta, sai a yi ciniki da awon kubik maimakon yawan sawu. Zurfin santimita 30 ya dace da faɗuwar da ba ta wuce mita 2 ba, saboda haka dandalin sululu gara a tsayar da shi a mita 1.5. A kewaye yashin da tsofaffin tayoyi da aka binne rabi. A huda kowace taya ta ƙasa don kada ruwa ya taru sauro ya hayayyafa, wadda wayarta ta fito kuwa a jefar.

Kafin fenti, a bi kayan da hannu. Duk inda walda ta bar kaifi a goge shi, notin da ya zarce a yanke. A auna duk wata kafa tsakanin sanduna: ko dai ta gaza santimita 9, ko ta haura 23. Abin da ke tsakani shi ne mai haɗari, jikin ƙaramin yaro ya zurma kansa ya maƙale. Maƙalin sarƙa a matse bakinsa gam, kujerar kuma ta zama ta roba ko guntun taya, ba ƙarfe ko katako mai nauyi ba, saboda yaron da zai gifta ta gaba. A shafa jan fentin hana tsatsa, sannan fenti mai launi wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu gubar dalma a ciki.

Bayan buɗewa, a raba kwana tsakanin 'yan ƙungiya. Kowane mako a ja yashi da manjagara a mayar ƙarƙashin kujerun lilo da bakin sululu, inda ƙafafu ke rarake shi, a tsince kwalba da kashin dabbobi. Kowane wata a ɗaga ido a duba zoben sarƙa na can sama, wanda ke goguwa da ƙarfe, domin shi ke fara sirancewa. Ma'aji ya ajiye kuɗin tifa ɗaya ta yashi duk ƙarshen damina.