Yadda na magance gugar manyan tayoyi a motar a-kori-kura

Bayan da aka ɗaga motata da inci 3, na cire tayoyinta masu inci 31 na sa masu inci 35 domin shiga laka da duwatsu. A miƙaƙƙiyar hanya komai lafiya lau, amma da zarar na murɗa sitiyari har ƙarshe, musamman idan ina komawa baya, sai tayar gaba ta riƙa gugar wani abu.

Ɗaga mota yana ƙara sarari daga sama, ba ya matsar da ƙarfen da ke bayan taya, kuma nan ne matsalar take. Na shafa alli a haƙoran tayar, na juya sitiyari hagu da dama, sai ga farin tabo a jikin robar cikin ramin taya da kuma kan ƙarfen da ke riƙe jikin mota da shasi, wato ƙashin ƙarfen da motar ke zaune a kai. Robar na gasa ta da iska mai zafi na tura ta ciki. Ƙarfen kuwa mai walda ya yanke kusurwarsa, ya toshe wurin da farantin ƙarfe mai kauri, domin ban yarda a bar shi a buɗe ya yi rauni ba. Daga nan aka sake saitin ƙafafun gaba, gugar ta ɗauke.

Saura agogon gudu: saboda girman sababbin tayoyin, idan ya nuna kilomita 100 a awa, ainihin gudun ya kai kusan 113, don haka aka gyara lissafinsa a kwamfutar motar.