Sigina ta ƙi mutuwa: kurakuran da direbobi suka fi yi

Duk mai bin titin Bauchi ko Farin Gada a Jos ya saba ganin mota tana tafiya miƙe alhali siginarta tana ta ƙyaftawa. Direban bai sani ba. Na bayansa ya rage gudu yana jiran ya karya kwana, mai Keke da ke tsaye a mahaɗa kuwa ya ɗauka motar za ta kauce, sai ya kutso kai. A ganina siginar da aka manta a kunne ta fi wadda ba a kunna ba haɗari, domin mutane suna gaskata ta su shigo hanya.

Babban kuskure shi ne zaton mota za ta kashe sigina da kanta a kowane hali. Dabarar tsohuwa ce, tun 1940 kamfanin Buick na Amurka ya sa ta a motocinsa, kuma a yawancin motocin da muke hawa har yau ba kwamfuta ke yin aikin ba. A bayan sitiyari akwai wani zobe mai ɗan haƙori da ke juyawa tare da shi. Da ka danna sandar sigina, wani ɗan harshe na roba zai leƙo. Kana karya kwana haƙorin zai wuce shi, sitiyari na dawowa sai ya buge shi, ka ji "ƙas", sandar ta koma tsakiya. To in ba ka murɗa sitiyarin sosai ba, haƙorin ba zai kai ga harshen ba, balle ya buge shi. Shi ya sa sigina ke zama a kunne bayan an canza layi, ko an bi hanyar da ta rabu a hankali, ko an fita daga shataletale irin na Hill Station. Motar lafiyarta ƙalau, kai ne za ka mayar da sandar da hannunka.

Don canza layi ma ba sai ka danna ta har ta maƙale ba. Ɗan tura ta rabi ka riƙe, kana saki za ta koma da kanta. A sababbin motoci da dama, taɓawa ɗaya ta isa ta ƙyafta sau uku ta mutu.

Wasu kuma ƙarar "tik-tik" kaɗai suke dogara da ita, ga rediyo a ƙure, ga hira da fasinja. Bayan kowace kwana, kai ido kan koriyar kibiyar da ke gabanka.

Sai wanda siginarsa ta daina mutuwa ko da ya yi cikakkiyar kwana, ya ce ai motar ce ta tsufa. Sau da yawa ba tsufa ba ne. Ka tuna, ko an cire sitiyarin kwanan nan don gyaran hon ko wani abu? In an mayar da shi a karkace, ko zoben bai zauna a gurbinsa ba, haƙorin ba zai haɗu da harshen a inda ya kamata ba. In kuma gefe ɗaya na mutuwa ɗaya ba ya yi, galibi harshen ne ya karye ko sifirin ɗinsa ya saki, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke iya jawo haka shi ne danne sandar da ƙarfi lokacin da sitiyari ke dawowa. Kai ta wurin mai gyaran wutar mota, a Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota a Jos, akan samu makunnin siginar a canza. Ka tabbata ya cire kan batir kafin ya taɓa sitiyari mai jakar iska (airbag, wadda ke kumbura ta kare direba lokacin haɗari), kuma kada ka bar wurin sai kun zaga an gwada hagu da dama.

Idan ƙyaftawar ta yi sauri fiye da yadda ka saba, wannan wata matsala ce daban. Ƙa'ida ita ce sau 60 zuwa 120 a minti; ta wuce haka, duba ƙwai, yawanci ɗaya ne ya ƙone.

Masu babur da Keke su ne abin ya fi damuna a kansu. Yawancin baburan da ke ƙasar nan ba su da wannan zobe ko kaɗan, don haka siginarsu ba ta mutuwa sai an kashe ta. Ɗan'uwa, sabar wa babban yatsanka: kana miƙewa daga kwana, mayar da makunnin tsakiya ko ka danna shi ciki, gwargwadon irin naka. Mai yawan mantuwa ya sa a ɗaura masa ƙaramar na'ura mai ƙara da ke kuka muddin sigina na kunne.

Kai kuma da ke jira a mahaɗa, kada ka shiga don kawai ka ga sigina. Jira ka ga motar ta rage gudu, tayarta ta gaba ta fara karkata, sannan ka saki birki.