Idan an yi wa yarinya fyaɗe, asibiti ne farko

'Yan uwa mata, don Allah mu riƙe wannan. Kafin a kira dangi ko a je wajen mai unguwa, a kai ta asibiti. Akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Na hana ɗaukar ciki yana aiki har kwana 5, gara dai da wuri.

Na san hankalin uwa zai tafi kan ruwan zafi, a yi mata wanka a gasa ta. A daure tukuna, wankan yana tafiya da shaidar da likita zai rubuta wa kotu. Kayan jikinta, har ɗan kamfai, kar a wanke. A naɗe cikin takarda, leda tana riƙe danshi ta lalata su.

Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: a Kano cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Sakkwato cibiyar Nana Khadija, kuma kyauta ne.

Kar kowa ya tambaye ta "me ya kai ki?" Masu zuwa da kuɗi a rufa asiri kuma, a sallame su daga zaure.