Yadda za ka ga kunamar da ba ta da wutsiya

Wani ɗalibina ɗan aji biyar ne ya fara kawo min ita, tana maƙale da ƙafar ƙuda. "Malam, ƙuda ya ɗauko ɗan kunama!" Ba ɗan kunama ba ne. 'Yar'uwarta ce dai: ƙafa takwas, hannaye biyu kamar awartaki, amma ba wutsiya, ba ƙari. Hawan kyauta take yi wa ƙudan don ta sauya gari. Yawancinsu tsawon milimita 2 zuwa 8 ne, wadda yaron ya kawo ba ta fi ƙwayar riɗi ba. An san irinsu sama da 3,000, da dama a ruɓaɓɓen ganyen manyan dazuzzuka masu yawan ruwa suke, amma mu ma nan ƙauyukan Birnin Kudu ba a bar mu a baya ba.

Da damina za ka nema, da sassafe, a gindin mangwaro ko tsamiya inda tsintsiya ba ta zuwa. Sanda za ka fara sawa, kada ka kuskura ka sa hannu, don kunama ta gaske da kububuwa ma can suke fakewa. Ture busasshen ganyen sama. Na ƙasa, wanda ya yi baƙi yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi za ka ɗiba.

Shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, ka zuba ganyen a rariyar yashi irin ta magina, ka girgiza. Ta tankaɗen gari ba ta yi, idonta ya yi ƙanana. Na gwada, abin da na samu faɗan uwargida ne kawai.

Sai kuma haƙuri, nan ne yara ke gazawa. Da ta faɗo sai ta naɗe hannaye ta yi lamo, ka rantse tsakuwa ce. Ba ta 'yan mintuna. Can za ka ga wani ɗigo ja-ja ya miƙe hannu yana lalube. Taɓa gabanta da tsinken tsintsiya: in ta zura da baya a guje, ita ce. Kyamarar waya ta isa ta nuna maka awartakin.

Ba ta harbin mutum. Ɗan dafin da galibinsu ke da shi a hannu yake, na ƙananan ƙwarin da take ci ne.

Kada ka bar ƙyallen a rana. Ranar farko na tafi sallar azahar, na dawo inuwa ta gusa, ukun da muka samu duk sun bushe. Yanzu da mun gama kallo sai mu kakkaɓe shi a gindin bishiyar, mu mayar da ganyen.