Kurakuran da muka fi yi a hirar majalisa, da yadda za mu gyara su

Yaron da aka haifa mana a Makka ko Jidda ko Madina yana samun tarihin Saudiyya a littafin makaranta. Labarin kakanninsa kuwa, da hanyar da suka biyo har suka iso nan, daga bakinmu kaɗai yake jin sa, a majalisar bayan la'asar ko wajen shan shayi a Shara Mansur ta Makka. Idan muka ba shi a karkace, a karkace zai riƙe, kuma da ƙarfinsa zai faɗa wa wasu, tunda daga bakin babba ya ji. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin kurakuranmu daga gwamutsa abu biyu suke tasowa: mutum biyu masu suna ɗaya, ko aukuwa biyu masu kama da juna, sai mu dunƙule su wuri guda. Maganin wannan shi ne tambayar shekara da tambayar wuri kafin a ɗora magana.

Wanda ya fi damuna shi ne na garin Mai Wurno, kusa da Sinnar a gaɓar kogin Nilu mai fitowa daga Habasha, inda da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na Sudan suka fito. Za ka ji dattijo na cewa Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa garin. Attahiru bai taka ƙasar Sudan ba. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya yi hijira da jama'arsa suka nufi gabas, aka tare su a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ya yi shahada a can a watan Yuli na wannan shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, shi ne ya ci gaba da sauran jama'a har suka isa Sudan, kuma laƙabinsa garin ya ɗauka. Daga nan sai kuskure na biyu ya biyo baya: a ji sunan Muhammadu Bello da Wurno, sai a ce ai ɗan Shehu ne. Muhammadu Bello ɗan Shehu ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, kabarinsa yana Wurno ta ƙasar Sakkwato. Tsakanin rasuwarsa da yaƙin Burmi shekara 66 ne. Idan yaro ya rikice, a jero masa salsalar: Shehu ya haifi Atiku, Atiku ya haifi Ahmadu, Ahmadu ya haifi Attahiru, Attahiru ya haifi Mai Wurno. Wanda ya haddace wannan ba zai sake haɗa Bello biyun ba.

Shi ma Shehu Usmanu, saboda ƙaunar da muke masa, wasu na ba shi aikin hajjin da bai yi ba. Malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya zo Makka. Shehu ya so ya bi shi, amma ba da izinin mahaifinsa ya fito ba, sai ya koma gida, har Allah ya karɓi ransa a 1817 bai zo ba. Wannan bai rage masa komai ba, kuma ya fi kyau yaranmu su san shi yadda yake.

A tarihin Sudan ma haka ake yi wa Mahadi da Halifansa. Ana cewa Mahadi ne ya gwabza da Turawa a Karari. Mahadi ya ci Khartum a watan Janairun 1885, ya rasu a watan Yuni na wannan shekarar, wata biyar kacal a tsakani. Yaƙin Karari a 1898 aka yi shi, kuma Halifa Abdullahi ne ya ja rundunar.

Akwai wanda ya shafi addini da takardunmu gaba ɗaya. Duk shekara idan Muharram ya kama, sai ka ji ana cewa a irin wannan wata ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira. A watan Rabi'ul Awwal ya isa Madina, a shekarar 622 ta miladiyya. A zamanin Sayyidina Umar aka tsara lissafin shekaru, sahabbai suka ɗauki shekarar hijira a matsayin mafari, suka bar Muharram a matsayin watan farko. Ita kuma shekarar hijiriyya kwana 354 ko 355 ce, ta gaza ta miladiyya da wajen kwana 11, shi ya sa shekara 33 ta hijiriyya take daidai da wajen 32 ta miladiyya. Wanda ke cika takardar iƙama, wato izinin zama a Saudiyya, ko fasfo ya kiyaye, kada ya juya ranar haihuwa da ka, ya yi amfani da teburin juya kwanan wata. Saɓanin shekara ɗaya tsakanin takarda da takarda na iya tsayar da mutum a ofis wata da watanni.

Na labarin ƙasa ba sa buƙatar dogon bayani. Har yanzu wasu na cewa Sudan ce mafi faɗin ƙasa a Afirka. Gaskiya ne kafin 9 ga Yulin 2011, ranar da Sudan ta Kudu ta ɓalle. Yanzu Aljeriya ce ta ɗaya, Kwango mai babban birni a Kinshasa ta biyu, Sudan ta uku. Nilu ba daga Masar yake gangarowa ba, can yake ƙarewa: reshe ɗaya daga tafkin Tana na Habasha, ɗaya daga tafkin Biktoriya, su haɗu a Mugran cikin Khartum, sannan su yi arewa. Dalar fir'auna ma da muke jingina wa Masar ita kaɗai, waɗanda ke Sudan sun fi na Masar yawa, sai dai sun fi su ƙanƙanta. Sabbin alhazai kuma a riƙa gaya musu tun da wuri cewa Riyad ce babban birnin ƙasar nan, kuma sunan Saudiyya a 1932 aka sa wa masarautar, zamanin Sarki Abdul'aziz.

A harkar jirgin sama, kuskuren da ya fi jawo wahala shi ne na karatun tikiti. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti, agogon garin da aka ambata ne. Saudiyya na gaban Nijeriya da Nijar da awa biyu, tana gaban Sudan da awa ɗaya. A misali, idan tikiti ya ce tashi daga Kano ƙarfe 10 na safe, sauka Jidda ƙarfe 4 da rabi na yamma, tafiyar awa huɗu da rabi ce, sauran biyun bambancin agogo ne. A komawa kuma lissafin juyewa yake yi. Mai zuwa tarbar baƙo ya dubi lokacin sauka yadda aka rubuta shi, kada ya ƙara masa komai. Sannan Makka ba ta da filin jirgi; alhazai na sauka ne a filin Sarki Abdul'aziz na Jidda ko filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina, kuma tun 2018 jirgin ƙasa na Haramaini ke haɗa garuruwan a kan tazarar wajen kilomita 450. Na'urar da ake nema bayan haɗari, wadda ake kira baƙin akwati, launin ruwan lemo gare ta, don a gan ta cikin tarkace.

Haɗurran jirgin alhazai guda biyu ma muna gwamutsa su, kuma wannan bai kamata ba, domin akwai iyalan da har yau suke wa mamatansu addu'a. Na farko a Kano ya auku, 22 ga Janairun 1973, jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Na biyu a nan Jidda ne, 11 ga Yulin 1991, jirgi ya tashi zai nufi Sakkwato da mutum 261, babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna tayoyin da iskarsu ba ta cika ba ne suka fashe wajen tashi, suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Wani abin da ba kowa ya sani ba, jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 daga Masar suka taso, ta Sudan suka bi, wato hanyar da mahajjatanmu ke bi da ƙafa ita suka biyo ta sama, sai dai su yamma suka nufa.

Ƙwallo kuwa, nan gardama ta fi zafi, nan kuma aka fi faɗar abu da gadara. Dattawan da suka ga wasan Dammam na 1989, a gasar kofin duniya ta matasa da aka yi a Saudiyya, suna ba da shi daidai: matasan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 20 an ci su 4 da nema a hannun Tarayyar Sobiyet, suka farke duka huɗun, suka yi nasara a bugun fenariti. Amma masu ɗaukar labarin daga bakinsu sai su ƙarasa da cewa Nijeriya ta ɗauki kofin. Wasan kusa da na kusa da ƙarshe ne. Nijeriya ta kai wasan ƙarshe a Riyad, Portugal ta ci ta 2 da nema. Haka nan nasarar Atlanta ta 1996 zinaren gasar Olamfik ce. Nijeriya ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar kofin duniya ta manya ba. Ita da Saudiyya a shekara ɗaya suka fara zuwa gasar, 1994 a Amurka, kuma dukansu sun tsallake rukuni.

Matasa na cewa Ahmed Musa ya buga tare da Ronaldo a Al-Nassr. Ƙungiyar ɗaya ce, zamanin ne daban: Musa ya zo a 2018 ya tafi a 2020, Ronaldo sai ƙarshen 2022 ya sa hannu. Idan kuma aka ce Al-Hilal a majalisar da ke da mutanen Sudan, a tambaya wacce, domin ta Omdurman an kafa ta a 1930, ta Riyad a 1957. Masu raina ƙwallon Sudan ma su sani a Khartum aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a 1957, a can aka buga gasar kofin nahiyar ta farko wadda Masar ta ci, kuma Sudan ta ɗauki kofin a gida a 1970 bayan ta doke Ghana da ci 1 da nema.

A fagen nishaɗi, da aka buɗe gidajen silima a Riyad a 2018, yara da yawa sun ɗauka farkon silima ke nan a ƙasar. Akwai wuraren nuna fim a Jidda da wasu garuruwa tun da can, aka rufe su wajen farkon shekarun 1980. Duk wanda ke da kaka ko kawu da ya zauna Jidda a wancan zamani, ya je ya tambaye shi, ya kuma tambaye shi shekarar.