Fulofi mai tayar da tsohuwar kwamfuta

Salamu alaikum 'yan uwa masu gyara a Nima da Mamobi. Idan tsohuwar kwamfuta mai Windows XP ta rubuta cewa babu NTLDR, wato fayil ɗin da ke tayar da Windows, don Allah kada a yi saurin goge faifan ciki, sau tari kayan mutum na nan lafiya.

Ku sami fulofi, wato ƙaramin faifan ajiya na da (floppy disk), mai 1.44MB, ku yi masa fomat a wata XP mai aiki. Wannan tilas ne, fomat na DOS, tsohuwar manhajar Microsoft, ba zai yi ba. Sai ku kwafa masa fayilolin ntldr, ntdetect.com da boot.ini daga faifan C na XP mai aikin. A ɓoye suke, sai an bayyana su. A BIOS, wato saitin farko na kwamfutar da ta ƙi tashi, ku sa ta fara tashi daga fulofi, Windows ɗin da ke faifan ciki za ta tashi.

Ni biyu nake yi, damshin Accra na cinye fulofi.